Yadda Muka Rufe Bakin Kwamfutar Gidan Rediyonmu A Zangon Kumasi

Daga wakilinmu a Kumasi

Duk wanda ya taɓa kwana a Zangon Kumasi ya san wuri ne da ba ya yin shiru. Tun da asuba lasifikokin Aboabo da Sawaba da Akwatia Line za su fara, kafin rana ta ɗaga masu tirotiro da 'yan keken nan da ake kira pragya sun cika hanyar Asawase da hon, ga mai tallan magani da amsa-kuwwarsa, ga masu gwada sauti a gidan biki. A cikin wannan hayaniya muke aikin rediyo, kuma shekara da shekaru duk ƙarar da ta shiga shirye-shiryenmu titi muke ɗora wa laifi. Sai da muka tafka wata asara wadda ba a mayar da ita, sannan muka gane ashe ɓarawon yana cikin ɗaki, a ƙarƙashin teburin da muke zama.

Mun ga ya dace mu ba 'yan'uwanmu 'yan kasuwa wannan labari, domin da yawanku kuna turo mana tallan hajarku da muryarku daga Aflao da Paga da Bawku da Sinkasi, wasunku suna sayar da katin memori mai ɗauke da wa'azi da waƙoƙi, wasu kuma sarin kwamfutoci na gwanjo suke yi. Abin da ya ci mu yana iya cin kowannenku.

Muryar da muka yi asara

A shekarar 2015 ne, lokacin da matsalar ɗauke wutar nan da mutanen Gana suka laƙaba wa suna dumsor ta yi tsanani. Akwai wani dattijo tsohon ɗan kasuwar goro, wanda shekarunsa sun haura tamanin, da muka daɗe muna roƙo ya zo ya ba mu tarihin Zango. Da kyar ya amince. Muka duba jadawalin wuta muka zaɓi ranar da za a kawo ta, don kada mu kunna janareto ƙararsa ta shiga, muka rufe taga, muka kashe fankar sama duk da zafin da ake yi.

Baba ya yi kusan awa biyu yana magana. Ya ba mu labarin da ya ji daga bakin kakansa, na yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake, wasu suka nufi Kete Krachi, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Ya faɗi yadda isowar jirgin ƙasa Kumasi a 1903 ya juya akalar goro daga hanyar jakuna zuwa bakin teku, a loda shi a jirgin ruwa sai Ikko. Da ya zo kan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ta watan Nuwamba 1969, wadda ta ba duk maras takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, sai muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, yana lissafa maƙwabtan da suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka hau mota, ba a sake ganinsu ba.

Da yake muryar tsoho ce, sai muka yi ta ƙara wa makirufo ƙarfi don ya kamo ta. Washegari da muka saurara, sai jikinmu ya yi sanyi. Wani gunji kamar na amyar zuma ya lulluɓe hirar daga farko har ƙarshe, kuma daidai wuraren da Baba ya sassauta murya, wato inda maganar ta fi daraja, nan ne gunjin ya haɗiye shi. Muka sa manhajar share ƙara, ta rage gunjin, amma ta mayar da muryar kamar ta mai magana daga cikin randa. Muka koma muka ba shi haƙuri, ya ce ba komai, mu bari sai bayan salla. Kafin sallar ta zo Allah Ya yi masa rasuwa.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Wani matashi mai gyaran kwamfuta a unguwarmu ne ya buɗe mana ido. Da muka kira shi, bai taɓa komai ba, ya ce kowa ya yi shiru, ya kashe kwamfutar. Nan take muka ji ɗakin ya yi tsit irin wanda ba mu taɓa ji ba. Ya ce, "Yaya, kunnenku ne ya saba da ita, shi kuwa makirufo ba ya sabo." Gaskiyarsa. Mutumin da yake zaune kusa da injin niƙa, bayan kwana biyu ya daina jin sa, amma baƙo yana shigowa zai toshe kunne.

Ya buɗe akwatin ya nuna mana masu laifin ɗaya bayan ɗaya. Na farko fankoki uku ne: ta kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta cikin akwatin raba wuta, da ta bayan gidan. Dukkansu ƙanana ne, kuma ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke zuƙe zafi, don haka kullum fankar take gudu iya ƙarfinta. Na biyu shi ne faifan ajiya, wanda yake juyawa sau 7,200 a minti guda, yana ƙas-ƙas duk lokacin da ake rubuta masa abu, alhali lokacin ɗaukar murya rubutun ba ya tsayawa. Na uku jikin akwatin ne da kansa, na gwangwani maras kauri, an jingina shi da ƙafar teburin katako, sai teburin ya zama kamar ganga, yana kai girgizar har gindin makirufo.

Na huɗu shi ne wanda kunne ba ya ji a ɗaki sai a cikin abin da aka ɗauka. Wutar lantarkin ƙasashenmu tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma idan gini ba shi da wayar nan da ake binnewa a ƙasa, ko kuma wayar makirufo ta kwanta jikin wayar wuta, wannan kai-da-komo yana shiga murya ya zama wani "hummm" mai kauri. Ramin makirufo na jikin kwamfuta shi ma yana kwaso tsiwar kayan lantarkin da ke kewaye da shi. Duk sa'ad da muka ƙara wa Baba ƙarfi, har da su muke ƙara wa.

Yadda muka harhaɗa mai shiru

Ba mu da kuɗin sabuwa fil, saboda haka sannu a hankali muka riƙa tsintar kayan a shagunan Adum, wasu sababbi wasu na gwanjo. Abin da muka koya shi ne, shirun kwamfuta ba tsadarta ke kawo shi ba, sanyinta ne. Idan ba ta yi zafi ba, fanka ba ta da dalilin ihu.

Muka fara da babban akwati mai kaurin ƙarfe, muka sa masa fankoki masu faɗin milimita 120 a maimakon masu 80. Babbar fanka tana tura iskar da ƙarama take turawa ba tare da ta yi rabin gudunta ba, kamar dai mai fifita da faifai da mai fifita da murfin kwano. Muka goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen zuƙe zafi muka shafa sabo, wanda shi kaɗai ya sauke zafin sosai. Muka fitar da faifai mai juyawa muka sa ma'ajiyar SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, saboda haka ba ta da sauti ko kaɗan. Katin hoto mai fankarsa daban, wanda masu wasan kwamfuta suke so, muka ce ba ma buƙata, tun da aikin murya ba ya cin ƙarfi. Akwatin raba wuta kuwa sabo muka saya, kuma matashin ya gargaɗe mu kada wani ya kuskura ya buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket.

Sauran dabarun ba su ci mana ko kwabo ba. Muka yanka tsohon tub na babur muka sa a ƙarƙashin ƙafafun akwatin, girgiza ta daina bin ƙasa. Muka ɗaura gutsuren gidan sauro a ƙofar shigar iska don tare ƙura, muna karkaɗe shi duk mako, lokacin hunturu kuwa duk bayan kwana biyu. Sai babbar dabara: nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da abin da ke ƙara, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. A ƙarshe ma bango muka huda, muka kai akwatin ɗakin da ke kusa, wayoyin allo da madannai kawai suka shigo. Wani abokin aikinmu ya so mu kulle ta cikin kabad, amma kwamfutar da aka hana iska zafi za ta yi, fankarta ta ƙara gudu, a ƙarshe ta ƙone.

Ta ɓangaren murya, muka daina amfani da ramin jikin kwamfuta, muka sayi ɗan akwatin sauti na waje mai shiga ta USB, da makirufo irin na masu wa'azi a dandali, wanda ba ya jin abin da ke nesa sai na kusa da bakinsa. Muka rataya labule masu kauri, muka shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, wanda muka daɗe muna taƙama da shi, ashe ba ya hana ƙarar waje shigowa.

Lambobin da ke jikin murya

Bayan an sami shiru, sai mataki na biyu, wato sanin yadda kwamfuta take adana murya. A nan ne ake yawan ruɗa mutane da manyan lambobi, alhali abu uku ne kawai.

Na farko, sau nawa na'ura take auna sautin a daƙiƙa guda. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, yana aunawa sau 44,100. An zaɓi wannan adadi ne domin kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma ƙa'ida ita ce awon ya haura ninki biyu na abin da ake son kamawa. Rediyon FM ma a kan 15,000 yake tsayawa. Saboda haka idan wani ya ce maka na'urarsa tana auna 192,000, don haka ka ƙara kuɗi, ka sani masu saurarenka ba za su ji bambancin ba.

Na biyu, ƙanƙantar ma'aunin. Mai awo da mudu da mai awo da sikelin zinare duk awo suke yi, amma ba ɗaya ba ne. Ma'aunin CD, wanda ake kira bit 16, yana da matakai 65,536 tsakanin shiru da iyakar ƙara, kuma ya ishi kowace irin magana. Abin kiyayewa shi ne iyakar nan. Idan mai magana ya daka tsawa har alamar ta buga ja, kan sautin ya guntule ke nan, zai fito yana tsagewa, kuma babu gwanin da zai ɗinke shi. Mu yanzu muna barin sarari, ba ma bari alamar ta matso kusa da ja.

Na uku shi ne matsi, kuma nan ne ya fi shafar kasuwa. Murya cikakkiya irin ta CD, wadda ake ajiyewa da sunan WAV, tana cin megabait 10 da ɗoriya a minti guda, awa ɗaya ta haura megabait 600. Don a rage wannan nauyi ne masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus da abokan aikinsu suka ƙirƙiro MP3 a farkon shekarun 1990. Dabararsa ita ce ya zubar da sassan sautin da yake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba. MP3 mai lamba 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, wato kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na asalin. Idan aka matse zuwa 64, magana tana nan lafiya, amma waƙa ta fara rauni. Idan aka kai 32, sai ka ji haruffa irin su sa da sha da tsa suna narkewa, murya ta zama kamar ana watsa ruwa a kwano.

Abin da aka zubar kuwa ya tafi. Mun sha ganin yara masu tura waƙa suna ɗaukar mai lamba 32 su juya shi zuwa 320, su ce sun ƙara masa inganci. Wannan daidai yake da juye mudun shinkafa ɗaya cikin babban buhu: buhun ya girma, shinkafar tana nan mudu ɗaya. Kuma duk lokacin da aka buɗe MP3 aka gyara aka sake matse shi, sai ya ƙara zubar da wani abu, kamar hoton takarda da aka yi daga hoton takarda. Shi ya sa muke ɗauka da WAV, mu yi duk gyaranmu a kansa da manhajar Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000, sai a ƙarshe mu matse sau ɗaya tak, mu adana na asalin.

Ga masu turo talla

Yawancin tallan da ke zuwa mana daga kan iyaka saƙon murya ne na WhatsApp, an ɗauke shi a tsakiyar kasuwa. Irin wannan saƙo a matse yake tun daga tushe, idan kuma aka haɗa da ƙarar babura da janareto, lambobi ne suke fara mutuwa. Mun taɓa zama mu uku muna gardama ko wani Alhaji mai sayar da atamfa sittin ya ce ko tis'in, kuma layinsa ba ya shiga. Tallan da mai saurare bai ji farashi ko lambar waya ba, kuɗin da aka biya ya tafi a banza.

Maganin ba shi da wuya, Alhaji. Ka shiga can cikin shagon da ke cike da dilolin yadi ko buhuna, domin tufa tana shanye amsa-amo fiye da ɗakin siminti, ko ka shiga mota a tsaye ka ɗage gilasai. Ka kashe fanka. Ka riƙe wayar kamar faɗin tafin hannu daga bakinka, ka ɗan karkatar da ita don kada iskar baki ta buga ta. Ka ɗauka da manhajar ɗaukar murya ta wayar, ka turo shi a matsayin fayil. Farashi da lambar waya ka faɗe su sau biyu, a tsanake. Kafin ka turo, ka saurara da kanka.

Ga masu memori da masu kwamfuta

Mai sayar da katin memori yana iya gane ingancin kayansa ba tare da ya saurari komai ba, ta hanyar duba nauyin fayil. Karatun awa guda a lamba 128 yana kai kusan megabait 58, a lamba 64 kusan 29, a lamba 32 kuwa bai wuce 15 ba. Kati mai gigabait 8 yana ɗaukar sama da awa 130 a lamba 128, to mene ne amfanin matse karatun malam har haruffa su ɓace don a cusa awa 500 da ba mai iya saurare? Sannan a kula da katin jabu, wanda yake nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Kafin ka sari da yawa, ka cika ɗaya taf, ka buɗe fayilolin farko da na tsakiya da na ƙarshe. Wanda ya sayi katin da ya mutu a hannunsa ba ya dawowa, kuma sai ya faɗa wa goma.

Masu sarin kwamfutocin gwanjo da ake saukewa a Tema ko Lome ko Kwatano, ku riƙa saye da kunne. Ku kunna ta ku bar ta rabin awa tana aiki. Fanka mai gurnani ana iya canja ta da araha, amma faifan ajiya mai ƙwanƙwasa kamar agogo yana bakin mutuwa. Tsofaffin da suka fito daga Amurka wasunsu suna da ɗan jan makunni a baya mai rubutun 115 da 230. Wutar Amurka 120 ce, tamu a Gana da Nijeriya da Nijar da Togo tana tsakanin 220 da 230, don haka wanda ya jona ba tare da ya mayar da shi kan 230 ba, hayaƙi zai gani. Haka kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na kowa da kowa tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin injuna da yawa ba sa karɓar Windows 11. Ku faɗa wa mai saye gaskiya. Irin waɗannan suna da amfani har gobe ga aikin murya da rubutu, musamman idan ba a jona su da intanet ba, amma farashinsu ya kamata ya nuna haka.

Abin da ya rage a akwatunanmu

A gidaje da yawa na Zango akwai kwalaye cike da kaset-kaset na tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da waƙoƙin biki, da saƙonnin da 'yan'uwa suke aikowa daga Kano da Sakkwato da Makka kafin zuwan wayar hannu. Damshin Kumasi yana cin zaren kaset, kuma na'urorin kunna shi suna ƙarewa. Duk mai niyyar juye su cikin kwamfuta ya yi da waya daga na'ura zuwa na'ura, kada ya kara wayar hannu a bakin lasifika, ya adana da WAV, ya ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Wataƙila wannan juyin shi ne na ƙarshe da kaset ɗin zai iya jurewa.

Mu dai yanzu mun kafa wa kanmu doka. Kafin kowane baƙo ya buɗe baki, sai mun ɗauki daƙiƙa goma na shirun ɗakin, mun sa abin ji a kunne mun saurara. Idan muka ji wani abu, ba a fara hira sai an gano shi. Hirar Baba tana nan mun adana, gunjin da komai, kuma jikokinsa sun zo sun karɓi kwafi, suka ce ko ba a ji duka ba, muryarsa ce. Sunayen maƙwabtan da ya lissafa na 1969, guda huɗu kawai muka iya fitarwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.